Yadda Malam Sallau Ya Dama Siminti da Ruwan Jego

In ana lissafin unguwannin da Allah ya ba mutumin da ya san komai, mu a Federal Low-Cost ta Gombe ba a bar mu a baya ba, don muna da Malam Sallau. Shekarunsa na aikin gwamnati duka a ɗakin ajiya na ma'aikatar ayyuka ya yi su, inda aikinsa shi ne ya buɗe ƙofa a ɗebi siminti, ya mayar ya rufe. Amma tun da ya yi ritaya, ba a yin yamma a majalisa bai gina wata gada ko ya shimfiɗa wani titi da bakinsa ba. Kuma ba za ka ce ƙarya yake yi tsagwaronta ba, tunda simintin ta gabansa ya wuce. Mutum ne mai zumunci, ba ya cin haƙƙin kowa, ba ya riƙe mutum a zuciya. Bakinsa ne kawai ya fi hannunsa sauri.

Da kuɗin sallamarsa ya gina sabon falo a gaban gida, mai ƙofar ƙarfe guda ɗaya da ke buɗewa ciki, da taga mai ƙarafa da ke kallon titi. Ana cikin aikin ne 'yarsa Batul ta dawo gida goyon ciki, ta sauka lafiya, aka samu namiji. Jikansa na fari ke nan. Malam Sallau ya yi murnar da har ya gai da mutumin da suka shekara ba sa magana.

Uban mijin Batul, Alhaji Ɗan'azumi, ɗan kasuwar hatsi ne a Dawaki, mutum mai sanyin magana. Da ya zo barka ya leƙa falon, ya ga an gama jera tayil amma tsakanin kowane biyu akwai tsaga a buɗe, ƙasa da tsakuwa sun cika ta, sai ya ce, "Malam, tunda aiki bai ƙare ba, ranar suna in an raɗa a nan, sai a kwashi maijego da mata a kai su gidana su yi taronsu. Wuri yana nan, ai duk gida ne."

Da kyakkyawar niyya ya faɗa. Amma a kunnen Malam Sallau kamar an ce masa ba shi da gida.

"Alhaji, ai aikin ya ƙare," in ji shi. "Wannan da ka gani cike tsaga ne kawai da farin siminti, abin da ake ba yara. In dai ina numfashi, sunan jikana a falon nan za a yi shi. Mata za su zauna a kan tayil ɗin nan su ga fuskarsu a ciki."

Abin da bai faɗa wa Alhaji ba shi ne, Matiyu mai tayil ya tafi Kaltungo bikin ƙanwarsa, ba zai dawo ba sai bayan suna. Buhun farin siminti kawai ya bari a jingine a lungu.

Da baƙo ya tafi, matarsa Hajiya Khadijatu ta ce, "Malam, a share a shimfiɗa darduma mana. Wa zai ɗaga darduma ya duba tsaga?"

"Tayil ɗin da na saya don a gani shi zan lulluɓe? Hajiya, ke dai ki ji da shinkafarki. Mutumin da ya yi rayuwarsa cikin siminti ba a koya masa cike rami."

"A kan buhu ka yi ta, Malam, ba a ciki ba."

Ya yi kamar bai ji ba.

Ranar jajibirin suna ya tashi da shirinsa. Ya sa gajeren wando da tsohuwar singileti, ya ɗaura hankici a ka, ya murɗa famfo. Famfo ya yi masa tari ya yi shiru. Ya leƙa randa, ɗan abin da ya rage na sha ne. Mai ruwan da ke kawo musu a kura kuwa yana can layin rijiyar burtsatse, ba ranar zuwa. Ruwa mai yawa ɗaya ne a gidan, shi ne na wankan jego da ke kan murhu bayan madafa, yana tafarfasa da ganyen darbejiya. Duk wanda ya taɓa zama gidan da aka yi haihuwa ya san wannan ruwan ba na taɓawa ba ne, ko da kuwa gobara ake yi sai an yi shawara. Hajiya ta shiga ɗaki taso Batul ke nan.

Malam Sallau ya tsaya a gaban murhu ya yi nazari irin na masana. Koko da ruwan zafi ake dama shi. Tuwo ma haka, kunu ma haka. Duk garin da ake so ya yi laushi ba gudaji, ruwan zafi ake ba shi, to me zai sa siminti ya fita daban? Ganyen darbejiya kuwa ai ƙari ne, tunda kowa ya san yana korar gara. Har ya ji mamakin yadda magina duk tsawon zamani ba su gano wannan ba.

Bokiti ya yi masa ƙanƙanta. Sai idonsa ya faɗa kan ƙatuwar tukunyar da aka aro daga wurin maƙwabciyarsu Madam Millicent don dafa shinkafar suna. Ya mirgina ta cikin falo, ya juye buhun siminti duka a ciki, don shi ba ya son aikin kaɗan-kaɗan. Ya yi ta jigilar ruwan jego da bokiti har ya kwashe shi tas, ya ɗauko muciya ya shiga tuƙi. Tururi ya tashi, ƙamshin darbejiya ya cika ɗaki, farin siminti ya koma launin miyar kuka da aka tsinka.

Yana cikin tuƙi ya ji muryar Hajiya daga tsakar gida.

"Wa ya kwashe ruwan yarinyar nan?"

"Aro na yi," ya amsa. "In mai ruwa ya zo a mayar."

Ta zo bakin ƙofa ta tsaya, ta dubi tukunyar mutane, ta dubi muciyarta, ta dubi mijinta.

"Malam, maijego ce fa, ga ta can zaune da ɗaurin ƙirji tana jira."

"Ta yi haƙuri, don ita ake yi. Ki matsa, za a zuba."

Ya karkata tukunyar ya tuntsurar da fiye da rabi a tsakiyar falo. Tunaninsa shi ne kunun zai bi tsagogi da kansa ya cike su, shi kuma ya bi da silifa ya shafe, ya goge da soso. Abin da ya manta, an yi wa daɓen ɗan gangare zuwa ƙofa don ruwan wanki ya riƙa fita. Kunun siminti ya dubi tsagogi ya ƙyale su, ya kama hanyar ƙofa gaba ɗayansa, da ganyensa da komai.

"Zai fita! Hajiya, ja baya!"

Ya yi tsalle ya turo ƙofar ƙarfe ya rufe, ya tuɓe singiletinsa ya cusa a ƙarƙashinta. Siminti ya zo ya taru a jikin ƙofa ya kwanta, kaurinsa ya kai tafin hannu. Malam Sallau ya yi ajiyar zuciya, ya yaba wa kansa, don ko cokali ɗaya bai yi asara ba.

A daidai nan Wakili ya zo wucewa. Wakili abokin zamansa ne a majalisa, tsohon direba, Bazazzage, shi kuwa Malam Sallau iyayensa Kanawa ne, saboda haka tun da suka san juna ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ya ga tururi na fita ta taga, ya leƙo.

"Salamu alaikum. Bakano, tuwon suna ake tuƙawa tun yau?"

"Ilimi ake yi, ba naka ba ne. Tsaya ka gani ko ka ƙaru."

"Na ga ya yi kore. Haka ake so?"

"Sabon samfuri ne. In ya bushe zai washe."

"Da ganyen?"

"Maganin gara."

Wakili ya gyaɗa kai, ya kira mai shagon kusa ya zo ya ga maganin gara. Mai shago ya kira tela. Masu keke biyu da ke jiran fasinja suka matso. Malam Sallau kuwa ba abin da yake so a duniya irin ya ga kawuna sun taru suna saurarensa. Ya dafa ƙarfen taga, ƙirji a waje, ya fara bayani. Ya faɗi bambancin farin siminti da baƙi. Ya faɗi kuskuren da masu tayil na yanzu ke yi, wato garaje, suna zubawa suna gogewa ba sa barin siminti ya sha iska. Ya koma kan wata kwalbati da ya ce ya ceto a hanyar Dukku. Tela ya yi tambaya, ya amsa masa da labari biyu.

"Bakano," in ji Wakili can, "muciyarka fa ta tsaya da ƙafarta."

Malam Sallau ya waiwaya. Muciya tana tsaye cak a tsakiyar tukunya ba mai riƙe da ita. Ya je ya kama ta ya ja, tukunya ta biyo ta. Ya sunkuya da silifa zai shafa na ƙasa, silifa ta yi ƙara kamar an goga ta a dutse. Ya danna da yatsa, yatsa ya lanƙwashe. Ashe ruwan zafi ba laushi yake sa siminti ba, gaggawa yake sa shi. Da yake ana kallonsa sai ya yi murmushi.

"Yawwa. Ya kama yadda nake so."

Aka kira azahar. Ya nufi ƙofa ya ja, ba ta motsa ba. Ya sa hannu biyu, ya dafa bango da ƙafa, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito. Ƙofa, singileti, siminti da daɓe duk sun zama abu guda. A ransa ya ce, Sallau, ka kashe kanka. A fili kuwa ya dawo taga yana karkaɗe hannu.

"Ku je ku yi salla, ni a nan zan yi tawa. Irin wannan aikin ba a barinsa shi kaɗai, sai an tsare shi."

"Tsare shi kake yi, ko shi yake tsare ka?" in ji Wakili.

Kafin la'asar labari ya gama Low-Cost, har ya tsallaka titi. Kowa ya zo da maganinsa. Mai shago ya ce a zuba kananzir, aka miƙa ta taga, aka zuba, falo ya ƙara wari a kan wari. Wata tsohuwa ta ce ruwan tsamiya yana cin komai, aka kwashe tsamiyar da aka jiƙa don kunun suna, siminti ya shanye ya ƙara sheƙi. Wani mai keke ya kawo shawarar ruwan batir, Allah ya taimaka Madam Millicent ta iso a lokacin. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, ba ta da wasa in ana maganar lafiya.

"Ruwan batir a ɗaki rufe? Kuna so gobe a haɗa suna da jana'iza? Baban Batul, nuna mini ƙafarka."

Ya ɗaga ƙafa ɗaya ya ɗora a taga. Tafin ya yi fari ya tsattsage, don tun safe yake tattaka siminti ba takalmi.

"Ka gani ko? Ya ci ka. Ga man shafawa, ka lafta da yawa, ka ɗaura leda a kai." Ta ɗan leƙa ta bayansa. "Wancan ba tukunyata ba ce?"

"Tana nan lafiya, Madam."

"Na ga lafiyarta. Tun aurena nake dafa shinkafar Kirsimeti a ciki, yau ta zama fandishon gini."

Aka ce a kira mai walda ya yanke ƙofar. Malam Sallau ya ce atafau, ƙofar sabuwa ce, kuma shagon mai waldan a bakin mahaɗa yake, inda in ka yi atishawa sai an ji a Jekadafari. Wakili ya faki ido ya je duk da haka, ya dawo ya ce ba wuta, injin mai waldan kuma yana wurin gyara. Malam Sallau ya ce ai dama shi bai aike shi ba. Ya sa aka miƙo masa guduma da ƙaton ƙusa, ya ce kowa ya ja baya ya ga yadda ake aikin hankali.

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya saita ƙusa ya buga. Siminti ko gezau. Ya ƙara ƙarfi, ƙusa ta zame ta sauka a kan tayil, tayil ya ce ƙas, ya tsage gida uku.

"Me ya fashe?" in ji Wakili daga waje.

"Gwaji nake yi."

Ya sake bugawa, na kusa da shi ma ya tafi.

"Gwajin yana kyau?"

"Wakili, ba ka da gida ne?"

"Ina da shi, har ƙofarsa tana buɗewa."

Da rana ta yi sanyi mutane suka ragu, Hajiya Khadijatu ta zagayo ta titi da kwanon tuwo. Kwanon ya ƙi shiga tsakanin ƙarafa, sai ta riƙe masa a waje yana zuro hannu yana ci. Ta miƙa masa ruwa ya kurɓi kaɗan ya mayar, ta kawo shayi ya ce a'a, ita ma ba ta tambayi dalili ba, don falon ba shi da makewayi.

"An yi wa yarinyar wankan?" ya tambaya a hankali.

"Sai bayan azahar. Madam ce ta ba mu ruwa."

Wannan ya fi tsiyar Wakili yi masa ciwo.

"Malam, ka bari in aika wa Alhaji tun yanzu, a ce mata su wuce Dawaki gobe. Ba abin kunya ba ne, shi ya yi tayi."

"Na rantse a gabansa, Hajiya. Jikana na fari ne. A ce ranar sunansa a kwashe shi a kai gidan wani, kamar uwarsa ba ta da uba?"

Ta dube shi, ga hankici a ka, ga leda a ƙafa, ga miya a gemu, sai tausayinsa ya kama ta, haushinsa ma ya kama ta, ta rasa wanda za ta fara da shi.

"To ya za ka yi?"

"Kafin asuba na fasa shi. Sai a shimfiɗa dardumar da kika ce."

"Yanzu ka yarda da darduma."

"Dama ban ƙi ta ba, lokacinta ne bai yi ba."

Ya kwana yana ƙwanƙwasa, unguwa ta kwana tana ji. Da gari ya waye ya samu nasarar fasa layin tayil guda cur, simintin bakin ƙofa kuwa ko ɓantarewa bai yi ba.

Bayan sallar asuba maza suka fara taruwa don raɗin suna. A ƙofar gida ake shimfiɗa tabarmi, wato daidai ƙarƙashin tagar. Hajiya ta zuro masa babbar riga da hula ta tsakanin ƙarafa. Ya saka, ya gyara karin hula, ya saki labule ta bayansa don kada a ga ciki, ya tsaya a taga. Daga ƙirji zuwa sama, ba ka ga dattijon da ya fi shi kamala ba.

Alhaji Ɗan'azumi ya iso da ɗansa da 'yan'uwansa da abokan kasuwa, mota biyu. Ya yi sallama, ya duba tabarma bai ga mai gida ba, sai ya ji an amsa daga sama.

"Maraba da Alhaji. Sannunku da zuwa. Bismillah, ku zauna."

"A'a, Malam, lafiya kake ciki?"

"Lafiya lau. Ɗan sanyi ne ya taɓa ni, Madam ta ce kada in sha iskar safe."

Madam Millicent, da ke tsaye a ƙofar gidanta, ta juya ta shige ciki da sauri, kafaɗunta na rawa. Mutanen unguwa kuwa kowa ya sunkuyar da kai yana nazarin tabarma. Aka raba goro da dabino, Malam Sallau yana nuna wanda ba a ba ba ta tsakanin ƙarafa. Liman ya matsa kusa da uban yaro aka raɗa masa, aka yi addu'a, aka shafa. Sanƙira ya miƙe ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Ibrahim Khalil.

Malam Sallau ya ƙanƙame ƙarfen taga. Ibrahim Khalil shi ne sunansa na yanka, wanda tun yana yaro Sallau ya danne shi saboda ranar Salla aka haife shi, har shi kansa sai a takardar fansho yake tunawa da shi. Ashe Alhaji Ɗan'azumi ya bincika, ya sa ɗansa ya yi masa takwara. Idonsa ya ciko. Bai taɓa jin an girmama shi haka ba, kuma bai taɓa jin ya ƙanƙance haka ba.

Alhaji ya taso ya zo taga yana murmushi. "Malam, ai yau ko da sanyi sai ka fito mu yi musafaha, ka karɓi takwaranka. Mu kuma mu ga falon da mata za su ga fuskarsu."

"Alhaji, aikin ne bai gama bushewa ba."

"Ya bushe," in ji Wakili daga tabarma. "Ai ita ce matsalar."

Sai iska ta ɗaga labule. Alhaji ya leƙa ta gefen kafaɗar surukinsa, ya daɗe yana kallo. Ya ga daɓe kore-kore mai tudu da kwari, ganyen darbejiya a manne ko'ina, sawun ƙafa ya je ya dawo ya je ya dawo, fasassun tayil a tare a lungu, ga tukunya a tsakiya da muciya a tsaye. Ya matsa gefe, ƙaninsa ya leƙa. Ƙanin ya matsa, abokan kasuwa suka yi layi. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

"Tun yaushe?" Alhaji ya tambaya.

"Tun jiya da hantsi," mutanen unguwa suka amsa baki ɗaya.

"Subhanallahi. Ku taso, jama'a."

Masu ɗaukar buhun masara ba sa shawara da ƙofa. Majiya ƙarfi daga cikin mutanen Alhaji suka shiga ta zaure, suka jeru, suka haɗa kafaɗa. Malam Sallau yana ta cewa a bi a hankali, sabuwa ce. Suka buga sau ɗaya, bango ya girgiza. Suka sake, ƙura ta zubo. A na gaba ƙofar dai ba ta buɗe ba, don simintin Malam Sallau ba na wasa ba ne, sai bangon ne ya sallama. Ƙofa da firam ɗinta da bulo na gefe suka tafi ciki gaba ɗaya, suka kwanta a kan abin da ya rage na tayil mai lafiya.

Da ƙura ta lafa, ga Malam Sallau tsaye a lungu, babbar riga fes, hula a karkace, ƙafafu cikin baƙar leda an ɗaure da tsumma. Liman ya sa hannun riga ya toshe baki, amma abin ya fi ƙarfinsa, ya tuntsire, daga nan kuwa ba wanda ya iya riƙewa. Har matan da ke tsakar gida aka jiyo su.

Malam Sallau ya dubi daɓensa, ya dubi ramin da ƙofa take a da, ya dubi ƙafafunsa.

"To, ga falo," in ji shi. "Wanda ya ga fuskarsa a ciki ya faɗa mini."

Ya tako a hankali, leda na ƙara, ya miƙa wa Alhaji hannu biyu. Ya so ya ce wani abu game da ingancin simintin, maganar ta zo har bakinsa, ya haɗiye ta. Wannan haɗiyar ita ce aiki mafi wuya da ya yi tun jiya.

"Alhaji, na gode da wannan karamci, Allah ya bar zumunci. Sannan, wannan tayin da ka yi rannan, na gidanka." Ya share murya. "Yana nan?"

"Yana nan, Malam. Tun jiya da yamma aka share, an ɗora tukwane."

Malam Sallau ya waiwaya wajen zaure, inda Hajiya Khadijatu ke tsaye da mayafinta a kafaɗa, shirye tsaf. Ta kawar da kai tana gyara ɗankunne.

"Kafin komai dai," in ji shi, "a ba ni hanya." Ya ratsa taron da saurin da ba a san yana da shi ba, ya yi bayan gida.

Da hantsi keke-keke suka jeru a ƙofar gida. Aka fito da Batul da jariri, aka miƙa masa takwaransa ya riƙe, ya yi masa addu'a, hawaye na bin gemunsa. Batul ta ce, "Baba, ƙafar da sauƙi?" Ya ce da sauƙi, ya kuma ce ta yafe masa ruwanta, ta yi dariya har da riƙe ciki. Sannan aka karɓi yaron, mata suka ɗuru, yana tsaye yana kallo aka kwashe sunan jikansa aka yi Dawaki da shi.

A can ne aka ƙarasa shi. Tunda yaro ya ci sunan kakansa, uwarsa ba za ta iya kiran sunan ba, dole a nemo masa na ɓoyo. Wata ta ce Abba, wata ta ce Halifa. Sai wata goggon uban yaron, wadda tun safe ake ba ta labari tana sa a maimaita, ta ce ita dai Na-Taga za ta riƙa ce masa. Aka yi shewa, aka ce wasa ne. Kafin arba'in ba mai kiransa da wani suna daga Dawaki har Low-Cost.

Yanzu yaron yana gudu ko'ina, kuma duk ya fi manne wa kakan nasa. In ya biyo shi masallaci ko shago, baƙon da bai san zance ba yakan ji ana kira, ya ce, "Na-Taga kuma? Wane irin suna ne wannan, Malam?"

Malam Sallau sai ya shafa kan yaron, ya duba ko Wakili na kusa, ya ce, "Sunan kakansa ya ci. Duka biyun."